Sunan Mahaifina a Cikin Kaset

A gidanmu na Gwandu sunaye biyu ne ba a faɗa. Na farko na mahaifina. Mahaifiyata ba ta taɓa furta shi ba, ko wani mai irin sunan ne ya yi sallama sai ta ce mai sunan malam ne a waje. Mu 'ya'ya Baba muke cewa, a makaranta kuma da sunan gari aka rubuta ni, don haka na kai shekara goma sha shida bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Na biyu nawa ne, domin ni ne ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Na tsohuwa yake ce mini, saboda kakata ce ta yaye ni, a ɗakinta na yi wayo. Idan ya ce na tsohuwa, muryarsa takan yi ƙasa kaɗan, ya kawar da kai kamar da bango yake magana. Ba ya wasa da ni, ba ya yabona a gaban mutane, ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Duk abin da ke ransa game da ni a cikin kiran nan yake, kuma na san haka tun ina ƙarami.

Sana'arsa mazarƙwaila. Yana da lambun rake a fadama, da injin matsa wanda doki ke juyawa, da wani ƙaton kasko na ƙarfe da ake dafa ruwan raken. Shekarun da ya yi yana duƙe a kan kaskon nan su suka lanƙwasa masa baya. Gajere ne, mai farin gemu, idan yana tafiya hannuwansa biyu a baya suke, kansa a ƙasa. Duk wanda ya san garin a lokacin zai gane shi daga nesa ko bai ga fuskarsa ba.

Bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru, wani mutumin unguwarmu ya dawo daga Kudu, inda ya yi kusan shekara goma ba a jin ɗuriyarsa. Ya dawo da talabijin, da janareto, da wata 'yar na'ura ta wasan gem mai wayoyi biyu, kowace waya da abin riƙewa mai maɓallai wanda muke ce wa hannu. Ya kama shago kusa da kasuwa, ya jera bencina uku, ya rataya labulen buhu a ƙofa. Mai shago zan riƙa ce masa, don ba zan ɓata takardata da sunansa ba.

Kaset ɗaya ne ya kama garin, na faɗa. Mayaƙa takwas ne a ciki, kowa ya zaɓi nasa, a yi ta bugu har jinin ɗaya ya ƙare, wato wani jan layi da ke saman talabijin. Kowane mayaƙi da sunansa a ƙarƙashin hotonsa, amma da rubutun mutanen da suka ƙera abin, wanda ko malaminmu na Turanci ya duba ya girgiza kai. Saboda haka mai shago ya raɗa musu sunaye da kansa. Ya kuma kafa doka: kafin a fara, kowa zai faɗi wanda ya ɗauka da ƙarfi, shi kuma ya shelanta, wane da wane, yadda ake yi a filin kokawa. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba.

Ni ban san duk wannan ba da farko, domin mahaifina ba ya son mu raɓi wurin. Wata rana na taso daga makaranta da azahar, na biyo ta bakin kasuwa, sai na ji an kira sunan mahaifina gatsau, babu malam babu komai, har da laƙabin sana'arsa a haɗe don kada a yi kuskuren wani ne. Muryoyi da yawa, ana cewa a taka shi, a ƙara masa, ya faɗi. Ban san lokacin da na jefar da littattafaina ba. Na ɗauka wasu ne suka tare shi suna duka. Na yaye labulen buhun nan na faɗa ciki ina haki, sai na tarar da samari da yara cike da bencina, kowa ido a kan talabijin. A cikin talabijin kuwa ga wani ɗan tsoho gajere, mai farin gemu, baya a lanƙwashe, hannuwa biyu a baya, wani saurayi mai baƙar riga yana ta shurinsa a ƙasa.

Wurin ya yi tsit da suka gan ni. Mai shago shi ke riƙe da hannun saurayin. Ya juyo ya dube ni a tsanake, ya ce, “Kai yaro, mi kake biɗa? Wa anka taɓa maka?”

Na nuna talabijin da yatsa.

Ya ce, “Wanga tsoho? Hwaɗi sunanai mu ji, in ka san shi.”

Sai dariya ta ɓarke. Kowa a ɗakin ya san ba zan iya ba, shi ya sa abin ya ba su dariya. Na fita na tsince littattafaina daga ƙasa. Tun daga ranar na tsani mutumin nan, tsana irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na yi kwanaki ina bincike a wurin abokaina, na gano yadda abin yake. Ba wanda ke zaɓar tsohon, domin ba shi da sauri, ba ya tsalle mai nisa, naushinsa kuma gajere ne. Idan sabon yaro ya zo wanda bai iya ba, shi mai shago ke ba shi. Idan babu masu wasa, sai ya sa tsohon a tsaye ba mai riƙe hannunsa, ya yi ta jibgarsa shi kaɗai don ya jawo mutane. Sauran mayaƙan ma duk sunayen mutanen gari ne. Ƙaton cikinsu sunan wani mahauci gare shi, macen da ke ciki sunan wata tsohuwa mai fura da ta riga ta rasu, dogon kuma sunan wani malamin firamare da aka yi wa canjin wurin aiki. Saurayi mai baƙar riga kuwa, wanda ya fi kowa ƙarfi, sunan kansa ya ba shi. Na je wurin mahaucin ina tsammanin zan sami abokin fushi. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai shi an gaya masa nasa yana ɗaga mutum ya maka da ƙasa, to mene ne abin ɓacin rai. Na dawo da haushin mutum biyu.

Mahaifiyata kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe ta tsaya cak. Mun yi maganar nan daga farko har ƙarshe babu wanda ya faɗi sunan da ake magana a kansa. Ta ce, “Kak ka bari tsohonku shi ji. In yaj ji ba ya cewa komi, ciki za shi aje shi.” Mahaifina daga gida sai lambu sai masallaci, kuma hanyarsa ba ta bi ta bakin kasuwa, don haka ɓoyewar ta yiwu. Amma kullum da fargaba nake, kada wani yaro marar kunya ya gan shi a hanya ya kwaikwayi shelar mai shago.

Na fara da tunanin ƙeta ƙarara. Na ji an ce idan zaƙi ya shiga tankin janareto ya gama aiki, mu kuwa zaƙi ba ya yanke mana a gida. Kwana uku ina yawo da dunƙulen mazarƙwaila a aljihu har ya narke ya manne wa wandona. Mahaifiyata ce ta gane a wurin wanki. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaye ni idan aka kama ni, ɗan wa za a ce an kama, kuma sunan wa za a kira a ƙofar mai unguwa. Na bar wannan shawarar, amma ban huce ba ko kaɗan.

Da aka yi dogon hutu na damina sai aka tura ni Kalgo, wurin innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda mijinta ke noman shinkafa da su. Ina jin mahaifiyata ce ta shirya tafiyar don ta raba ni da bakin kasuwa. Innata mace ce mai surutu da dariya, ba ta iya riƙe magana. A rana ta biyu, tana turara shinkafa ina iza mata wuta, na ba ta labarin shagon. Ta sa ni na lissafa mata sunayen mayaƙan ɗaya bayan ɗaya. Ina zuwa kan mai fura ta tafa hannu ta ce ai ta gane, wannan ba wasa ba ne, mutanen ranar rake ne ya tara.

Ta tuna mini da abin da na kusa mantawa. Tun ina ɗan shekara shida, mahaifina ya kama mai shagon nan, lokacin yana saurayi, yana saran rake a lambun maƙwabcinmu, kuma ba karonsa na farko ba ne. Aka yi masa abin da ake yi wa irinsu a lokacin. Mahaucin ya ɗaure masa damin raken a ka, malamin firamaren ya zuba masa bulala, mai fura ta rangaɗa guɗa, aka zaga da shi gari mahaifina na gaba, yara na biye suna tafi suna waƙe sunan ɓarawon. Bayan sati guda ya bar gari. Tana faɗa ina ganin abin a idona, har na tuna ni ma ina cikin yaran, ba riga, ina tafi iya ƙarfina. Wato shekara goma mutumin nan ya yi yana riƙe da mutane bakwai a ransa, har ya sami akwatin da zai zuba su a ciki ya riƙa duka. Wanda ya kama shi kuwa ya ba shi mafi rauni, ya sa sunansa a bakin yara yadda aka sa nasa.

Innata ta ɗauka jin wannan zai sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba. Shi sata ya yi. Mahaifina bai taɓa ɗaukar karan wani ba.

A kusa da tashar Kalgo akwai wani mai gyaran rediyo, mutum marar yawan magana, shi ma ya ajiye irin na'urar nan a gefen shagonsa, da kaset iri ɗaya sak. Ranar da na leƙa na ga tsohon a talabijin ɗinsa, sai na tsaya ina jiran in ji sunan. Sai na ji wani ya ce shi gaiwa ya ɗauka. Ashe a Kalgo da sunayen kifi suke kiran mayaƙan, da yake yawancin yaran 'ya'yan masunta ne. Ƙaton shi ne giwan ruwa, macen minjirya saboda idan ta taɓa ka sai ka girgiza, saurayi mai baƙar riga tarwaɗa. Tsohon kuwa gaiwa, kifin nan da ke naɗewa cikin busasshen laka ya yi shiru har ruwa ya dawo. Kuma a can ba a raina shi. Mai gyaran rediyon da kansa da shi yake wasa, kuma ban ga wanda ya kayar da shi ba.

Na roƙe shi ya koya mini. Ya bar ni na yi wasa uku yana kallo, ana cina, sannan ya ce, “Ba a kai hari da gaiwa. Jira akai. Bari shi zaka maka.” Ya nuna mini. Za ka ja baya ka tsare, ka bar abokin faɗa ya yi ta zuba naushi a banza har ya ƙosa. Idan ya ƙosa dole ya yi tsalle. Yana sama, sai ka danna ƙasa, ka danna gaba, ka haɗa maɓallai biyu lokaci ɗaya. Nan take tsohon zai fito da hannuwan nan da ke baya, ya cafke ƙafar mutum a iska, ya juya shi ya maka da ƙasa, kusan rabin jini ya tafi. Ranar da na fara ganin hannuwan sun fito sai da tsigar jikina ta tashi. Wata shida mai shago yana dukan tsohon nan bai taɓa sanin yana da wannan ba.

Haka hutun ya tafi. Da safe ina gonar shinkafa da mijin innata, ruwa har gwiwa, da la'asar ina tasha. Babban yatsana ya yi ƙuna ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Mai gyaran rediyo yakan ɗauki tarwaɗa ya yi mini irin faɗan masu gaggawa, don na gaya masa da wane zan kara. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ni kuwa duk lokacin da saurayin nan ya daki ƙasa, fuskar mai shago nake gani, kuma daɗi nake ji har cikin ƙashina. A gona ma ina cire ciyawa ina shirya abin da zan gaya masa, in gyara, in ƙara gishiri. Na so ya ji kunya a gaban bencinansa, na so yara su daina kiran sunan nan da raini, na so idan an kira shi a kira shi da tsoro.

Na koma Gwandu ana yankan gero. Ban je shagon ba sai ranar kasuwa, don ina son shaidu. Na bari sai bayan la'asar, lokacin da samarin ƙauyukan Dalijan da Maruda da Dodoru suka gama cinikinsu suka cika wurin har waje. Na kutsa na tsaya a gaban mai shago na ce da shi nake so. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a ba ni hannu. Ya faɗi nasa da ƙarfi, wato sunan kansa, sannan ya ce in faɗi nawa.

Na kai alamar zaɓi kan tsohon na ce, “Wanga.”

Ya ce doka sai an faɗi suna. Na ce na riga na zaɓa. Mutane suka fara gunaguni a fara kawai, sai ya ɗaga kafaɗa, ya shelanta da bakinsa, ya ja sunan mahaifina ya lanƙwasa shi yadda zai ba da dariya. Aka yi dariyar.

Ya taso mini da gudu kamar yadda na sani. Na ja baya na tsare. Ya yi ta zuba duka a banza, ana ce mini matsoraci, ana cewa tsoho ya gaji tun ba a fara ba. Sai ya yi tsalle. Hannuwan suka fito. Ƙarar da saurayin nan ya yi da ƙasa, da shirun da ya biyo baya, har yau ina jin daɗinsu idan na tuna. Na sake yi masa sau biyu, jininsa ya ƙare. Wani mutumin Maruda a bayana ya yi salati. Mai shago ya ce hannunsa ne ya maƙale, aka musanya mana. Na sake cinye shi, wannan karon ko taɓa ni bai yi ba.

Bisa doka ya kamata ya tashi, amma shagonsa ne. Na ga ya jawo wani abokinsa ya yi masa magana a kunne, abokin ya fita da sauri. Ban kula ba. Kaina ya riga ya yi zafi, kuma wurin ya juya ya koma bayana. Waɗanda suka yi wata shida suna cewa a taka tsohon, su ne yanzu ke kiran sunansa suna tafi a tare, irin tafin da ake yi wa ɗan kokawa idan ya kayar. Sunan nan na tashi yana sauka, har mutanen kasuwa suna leƙowa. Abin da na yi damina guda ina nema ke nan, ga shi ina ji da kunnena.

Muka yi na uku, na huɗu, na biyar. Mai shago ya daina gaggawa, yana jan wasan, yana ja da baya shi ma, yana yawan duban ƙofa. Tsakanin wasa da wasa yana ta zolayata, wai kowa a ɗakin ya san sunan gwanin nan ban da mai riƙe da shi, wai ni ɗan aro ne, da tsohon nawa ne da na yi masa kirari. Na yi banza da shi sau biyu. A wasa na shida ya ƙara duban ƙofa, sannan ya yi wani tsalle na wauta, irin wanda ko sabon shiga ba zai yi ba. Na cafke shi na maka. Jini ya ƙare, ɗakin ya ɗauka da tafi da sunan.

Na miƙe tsaye a kan benci da hannun a sama, na buɗe baki na kira sunan mahaifina. Gatsau, yadda suke kira, har da laƙabin mazarƙwailar. Sau uku na kira, muryata ta fi ta kowa, ina nuna mai shago da yatsa ina cewa ga shi nan ya kayar da kai, ɓarawon rake.

Tafin ya mutu daga ƙofa ya biyo ciki. Na juya. Mahaifina ne tsaye, ya ɗage labulen buhun da hannu ɗaya. Ƙafafunsa duk laka, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, ƙirjinsa na hawa da sauka. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, daga gona ya sheƙo. Ya dube ni a kan bencin. Ya dubi talabijin, inda tsohon ya riga ya mayar da hannuwansa baya yana ɗan rusunawa, yadda yake yi idan ya ci. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, “Cewa anka yi ana bugunka.”

Na kasa sauka daga bencin.

Ya ce, “Ashe lahiya kake.” Ya saki labulen.

Mai shago na zaune da hannun a cinyarsa, an cinye shi sau shida a gaban ƙauyuka uku, yana murmushi. Da ina da wuƙa a lokacin, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Na bi mahaifina a baya har gida, taku goma tsakaninmu. Bai juyo ba. Ya yi alwala, ya tafi magariba, ya dawo ya ci tuwonsa. Bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba, bai gaya wa mahaifiyata ba, ko da yake kafin isha'i labarin ya riga ya iso mata ta kan katanga. Na yi ta addu'ar ya ɗauko igiyar doki ya zane ni, abin ya wuce.

Washegari da safe masu taya mu yankan gero sun taru a ƙofar gida, su biyar ko shida, da ƙannena. Ina cikin zaure ina ɗaura igiyoyi. Sai na ji an kira sunana na yanka, cikakke, da murya sarai. Na ɗauka ɗaya daga cikin ma'aikatan ne, na leƙo. Mahaifina ne, yana kallona ido cikin ido, bai kawar da kai ba. Ya sake kira, ya ce in ɗauko masa lauje. Haka yake kiran 'ya'yan maƙwabta idan zai aike su. A cikin gida na ji taɓaryar mahaifiyata ta tsaya. Na ɗauko laujen na miƙa masa da hannu biyu, ya karɓa ya ce madalla.

A shagon kuwa na sami abin da na nema. Kowa ya koma zaɓar tsohon, yara suka koyi cafkar nan, har mai shago ya hana a ɗauke shi idan da shi za a kara. Sunan ya zama sunan nasara a bakin kasuwa. Ni dai ban sake riƙe hannun gem ba. Bayan shekara biyu wasu suka buɗe shaguna da sababbin na'urori, nasa ya mutu, ya sayar da janareton. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

Na ba mahaifina haƙuri sau biyu, sau ɗaya da bakina, sau ɗaya ta bakin ƙanensa. Duka biyun ya ce ba komai, ai ya wuce. Ya ci gaba da yi mini duk abin da uba ke yi, ya sayar da dokin matsa ya kai ni makarantar gaba, ya nema mini aure. Amma da sunan yanka ya ci gaba da kirana har ya koma ga Allah. Ko a ciwonsa na ƙarshe, da nake zaune a gefen tabarmarsa ina jira ko zai manta ya koma tsohon kiran, da sunan yanka ya ce in ba shi ruwa.

Mai shagon yana nan da ransa. Ya tsufa, yana zama a kan benci a bakin kasuwar, kusa da inda shagon yake a da. Kakata ta rasu, mahaifiyata ta rasu, manyan da suka san yadda ake kirana a gida duk sun ƙare. Duk lokacin da na je Gwandu na bi ta wurin, sai ya ɗaga hannu, ya sassauta murya, ya kawar da kai gefe, ya ce, “Na tsohuwa, an zaka lahiya?” Shi kaɗai ya rage a garin da ke kirana haka, kuma ya san abin da yake yi. Ban taɓa amsa masa ba, kuma na gaya wa ƙannena, ranar da aka ɗauko gawarsa kada wanda ya aiko mini.